Sawun Takalmin Mumin

Kukan uwar ne ya fara sanar da Fuseina an yi ɓarna. Gwanki ba dabba ce mai yawan surutu ba, amma a safiyar nan ga ta tsaye ita kaɗai a gindin wata ƙaya, nesa da garke, tana huci tana kira, hantsarta ta cika har nono na ɗiga a ƙasa. Inda ɗanta ya saba kwanciya babu komai sai ciyawar da ta lanƙwashe.

Fuseina ce mai bin sawu a wannan izba, wato gandun dabbobin wani attajirin Balarabe, can bayan Al Wukair inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya karɓa. Mutumin ya kwaso namun dajin Afirka, jimina da barewa da jakin dawa da gwanki, ya shuka musu ciyawa da ruwan famfo, ya kuma rantse kafin a taɓa ƙwallon farko na Kofin Duniya sai an zaga da baƙi a mota sun ga daji a tsakiyar hamada. Ɗan gwankin shi ne haihuwar farko a gandun. Hotonsa ne a allon da ke bakin titi.

Jiya da ba ta gan shi ba, hankalinta bai tashi ba. Haka gwanki take yi: ta ɓoye jaririnta a ciyawa, ta tafi kiwo wuni guda, sai safe da yamma ta zo ta ba shi nono, wani lokacin ta sauya masa makwanci. Fuseina ta san wannan tun tana yarinya a Damongo, can Ghana, tana bin mahaifinta gefen dajin Mole. Amma uwar da ta sauya wa ɗanta wuri ba ta tsayawa tana kira a tsohon wurin.

Ta durƙusa. Ƙasar wurin ta sha ruwan famfo ta bushe, ta riƙe komai kamar an zana. Babu sawun kare, babu jini, babu alamar kokawa. Sawun mutum ne kawai, takalmin roba mai dogon wuya irin wanda aka wajabta wa duk mai shiga cikin dabbobi tun zamanin korona. A dunduniyar ƙafar hagu akwai tsaga, an ɗinke ta da waya.

Oga Absalom, mutumin Filato mai kula da lafiyar dabbobin kuma shugaban ma'aikata, ya iso yana haki.

"Fuseina, don Allah ki ce mini kare ne."

"Ba kare ba ne, Oga. Mutum ne."

"Wane mutum?"

Bakinta ya riga tunaninta. "Takalmin Baba Mumin ne."

* * *

Kafin hantsi magana ta gama zaga izba. Ma'aikatan ba su da yawa, akasarinsu 'yan zangon Ghana ne, tukunya ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke salla, amma a ranar kowa sai kallon ɗan'uwansa yake ta gefen ido. Baba Mumin dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke tuƙa akori-kurar da ke ɗauko wa dabbobi kayan lambu daga kasuwar Abu Hamour. Da aka duba kyamarar babbar ƙofa, sai ga motarsa ta fita jiya da sassafe, an lulluɓe bayanta da tamfol.

"Motar da za ta je ɗauko kaya, me take rufewa?" in ji Absalom.

Baba Mumin ya dubi ƙasa. "Ban taɓa ɗan dabbar nan ba. Allah shi ne shaidata."

"To me ke ƙarƙashin tamfol?"

Baba Mumin ya ƙi faɗa.

Absalom ya karɓi makullin motar da katin zamansa, ya ce ya zauna a ɗakin masu gadi. Sannan ya ja Fuseina gefe. Kafil, wato maigidan izbar da takardun zamansu ke hannunsa, ya bugo waya daga Landan, ya ce gobe bayan la'asar wakilinsa zai zo, in ba ɗan gwanki to a miƙa ɓarawo ga 'yan sanda. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan: gidan yari, sannan jirgi, da tambarin da ba a sake dawowa.

"Oga, takalma a kan katako suke a bakin shingen ciki. Kowa zai iya zura ƙafa."

"Kowa zai iya. Amma motar mutum ɗaya ce ta fita a rufe." Ya share gumi. "Kada ki ɗauka ina jin daɗi. Mutumin nan ya yi jinyata lokacin da cutar nan ta kwantar da ni, kowa na gudu na. Ki kawo mini wani abu, 'yar'uwa. Ni ma kafil ɗin nan ne a kaina."

* * *

Ta fara da Mudasiru, saurayin da zai riƙa zagawa da baƙi. Ta same shi yana goge motar yawo, ya ɗaura tutar Ghana a madubi.

"Hajiyar sawu! Yau kuma ƙafar wa za a karanta?"

"Taka. Tayar motar nan ta sauka daga hanya, ta nufi wajen ƙayar nan. Me ya kai ka?"

Dariyar ta ɗauke. Ya yi rantsuwa, ya sake yin wata, daga baya ya amsa. Wasu baƙi ne da suka zo gwaji, masu manyan kyamarori, suka matsa sai sun ga jaririn da ke allo. Ya matsa da su kaɗan. Ɗaya ma, wani mai ƙaton agogo, ya tambaya ko ana sayarwa.

"Ka ce masa me?"

"Na ce ko ni da nake magana ba na sayarwa ba ne, balle shi. Sista, wallahi ko saukowa ba mu yi ba. Ki je ki duba, in kin ga ƙafata a ƙasa ki yanke ta."

Ta riga ta duba. Tayar ta tsaya nesa, ta juya, babu wanda ya taka ƙasa. Kuma ƙafar Mudasiru kamar faranti take, ba za ta shiga takalmin Baba Mumin ba ko da man shanu.

"In Oga ya ji ka sauka daga hanya, kai ma jirgi za ka hau."

"To ai ke ba Oga ba ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Tsohon nan bai yi ba, Sista. Mutumin da ke yi wa jimina sannu da safe?"

* * *

Bayan akori-kurar ta hau da gwiwoyinta. Dabbar da aka ɗauka a mota ba ta rasa barin wani abu, ko gashi, ko kashi, ko warin fitsari. Ta bi lungu-lungu, ta juya tamfol ɗin, ta shinshina. 'Ya'yan kankana ta samu, da ganyen kabeji da ya bushe, da ɓawon albasa.

Ta shiga ɗakin masu gadi ta ja ƙofa. Baba Mumin na zaune a tabarma da carbi, an ajiye masa waake, shinkafa da wake irin na Ghana, a kwano, bai taɓa ba.

"Baba, ka yafe mini. Ni na ambaci sunanka."

"Abin da kika gani kika faɗa, 'yata. Ubanki bai koya miki ƙarya ba."

"Jimina ba ta cin albasa. Wa kake kai wa?"

Ya ja carbin, sannan ya gaya mata. A unguwar Najma, can cikin gari, akwai wani ɗaki, yaran Ghana ne a ciki, 'yan Nima da Aboabo. Kamfanin da ya kawo su ya rufe, takardunsu sun mutu, ba sa iya fita neman aiki yanzu da gari ya cika da masu tsaro. Abin da dabbobi suka rage, wanda ya fara laushi za a zubar, shi yake tsincewa ya kai musu kafin ya wuce kasuwa.

"To ka faɗa mana, Baba! Wannan ai ba abin ɗauri ba ne."

"In na faɗa, za a ce ina ɗakin? Wa zai shaida? Su zo su shaida, a kwashe su?" Ya girgiza kai. "Ni na ci rabona a ƙasar nan. Su ko kuɗin jirgin da ya kawo su ba su mayar ba. Ki bar ni da Allah."

"Kana da 'ya'ya mata a makaranta a Tamale."

"Na sani," in ji shi, muryarsa ta karye. "Kin ɗauka ban sani ba?"

* * *

Da yamma ta je kicin ɗaukar 'yarta. Kullum da safe motar ma'aikata kan ɗauko su daga Al Wukair, inda take zaune da mijinta Mohammed-Awal, ta sauke Sakinatu a hannun Yaya Ajaratu mai dafa wa ma'aikata abinci, ita kuma ta shiga daji. Tun yarinyar na da wata uku haka ake yi. A bayan Ajaratu ta yi wayo, a cinyarta ta fara zama, har Mudasiru kan ce Fuseina haihuwa kawai ta yi, mai ɗiya tana kicin.

Ajaratu ta taɓa haihuwa. Ta baro ɗanta Masahudu a Kumasi wajen uwar mijinta yana rarrafe, da niyyar ta yi shekara ta koma. Sai korona ta zo, aka rufe sama da ƙasa. Zazzaɓi ya kama yaron a daminar nan. A waya aka gaya mata, bayan an dawo daga maƙabarta. Da aka buɗe hanya ba ta je ba. Ta ce me za ta je ta gani, tunda ruwa ya shafe wurin, ko kakarsa ba ta iya nuna shi. Daga nan ba wanda ya sake jin sunan yaron a bakinta.

Ranar idanunta sun yi ja. Ta ce hayaƙi ne, alhali da gas take girki.

"Madarar Sakina ta ƙare, Fusi. Ki taho da wata gobe."

"Har ta ƙare? Ai ban daɗe da kawowa ba."

"Ta zube mini." Ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. "Baba Mumin ya ci abincin?"

"Bai taɓa ba."

Fuseina ta karɓi 'yarta ta tafi, kanta cike da takalmi.

* * *

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba ta koma gindin ƙayar. Mahaifinta kan ce sawu ba ya ƙarya, mai karanta shi ne yake gaggawa. Jiya takalmi ta karanta. Yau mutumin da ke cikinsa take nema.

Ta bi sawun daga farkonsa. Daga bakin shinge bai nufi ƙaya kai tsaye ba, sai da ya biya ramin da ake zuba ɓawo da shara, sannan ya karkata. Takun gajere ne. Baba Mumin dogo ne, in yana tafiya kamar yana auna fili. Kuma kan takalmin yana jan ƙasa a kowane taku, kamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba.

A makwancin, mai takalmin ya tsaya ya ware ƙafa, ya sunkuya. Gefe ɗaya akwai wata alamar sharewa a ƙasa, siririya, kamar bakin tufa ya goga. Daga nan sawun komowa ya yi nauyi, nauyin kuma a kan yatsu yake, ba a dunduniya ba. Wanda ya rungumi kaya a ƙirji baya yake jingina, dunduniyarsa ce ke nutsewa. Wannan gaba ya karkata.

A tsakiyar hanya kuma ta tarar da abin da ya ɗaure mata kai. Ɓarawo in ya ɗauki abu sauri yake yi. Wannan ya tsaya wuri ɗaya, a fili, inda kowa zai iya hango shi, ya yi ta tattaka ƙasa: hagu, dama, hagu, dama, ƙafafun ba su ci gaba ba, ba su koma ba, har suka haƙa 'yan ramuka biyu. Ba juyawa ya yi yana leƙe ba, fuskarsa wuri ɗaya take kallo. Gaba kaɗan ya sake yin haka.

Ta tsuguna a wurin har rana ta fara cizon wuyanta. Ta san tsayuwar mai jin fitsari, ta san ta mai gyara kaya, ta san ta mai shakkar hanya. Wannan ba ta san ta ba. Daga bakin shinge kuma siminti ne, sawu ya ƙare.

Ta gaya wa Absalom ƙafar ba ta Baba Mumin ba ce. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Na yarda da ke. Amma wakili ba zai karɓi gajeren taku ba. Suna zai tambaya."

* * *

Da azahar ta tarar da Sakinatu tana tsala kuka a kan tabarmar kicin, haƙori ne ke fito mata. Ajaratu na zaune a gefe, ta zuba wa yarinyar ido, hannuwanta a cinya.

"Yaya, lafiya? Ba ki goya ta ba?"

"Bayana ke ciwo."

Fuseina ta sunkuya ta ɗora 'yarta, ta ja zani, ta ɗaure majanyi, ta fita bayan kicin inda akwai inuwa. Ƙasar wurin a jiƙe take da ruwan wanke-wanke. Ta shiga jijjiga yarinyar tana bubbuga mata ɗuwawu, tana yi mata 'yar waƙar da uwarta ta yi mata. A hankali kukan ya koma shessheƙa, kan ya yi nauyi a kafaɗarta.

Sai ta dubi ƙasa.

'Yan ramuka biyu. Hagu, dama. Ƙafafun ba su ci gaba ba, ba su koma ba.

Ba a ɗauki ɗan gwankin nan ba. Goya shi aka yi. Ya motsa a hanya, ko ya yi kuka, aka tsaya aka lallashe shi.

Ta ɗaga kai. A ƙarshen filin akwai magarya ɗaya, wadda Larabawa ke ji da ita. Rassanta na ƙasa an tsige musu ganye tas, daidai inda hannun mace zai kai. Duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa ya san abin da ake yi da ganyen magarya. Ta matsa. A gindin itacen ƙasa ta ɗan tasa, an shafe ta da tafin hannu, an yayyafa ruwa, an kafa dutse a gefe ɗaya. Tsawon wurin bai wuce na yaro ɗan shekara uku ba.

Abin da Fuseina ta fara yi, kafin tausayi, kafin komai, shi ne ta ƙara tamke majanyin 'yarta har yarinyar ta yi ƙorafi cikin barci. Watanni nawa tana miƙa ta ga wannan hannun, tana tafiya daji hankali kwance? Sai kuma kunyar tunanin ta rufe ta, hawaye suka zubo.

Ta tsaya a ƙofar kicin. Ajaratu ta ba ta baya, tana tsince shinkafa.

"Yaya Ajara. Na ga magaryar."

Hannun ya tsaya a cikin shinkafar. Bai fito ba.

"Za a tafi da Baba Mumin yau, Yaya."

Ajaratu ta buɗe baki, ta rufe. Fuseina ta jira har aka kira salla.

* * *

Bayan la'asar farar mota ta shigo. Wakilin kafil matashi ne mai farar riga, yana ta duba waya. Aka tara kowa a rumfar cin abinci: Baba Mumin a kan benci shi kaɗai, Mudasiru a jikin ginshiƙi, sauran leburori a baya, Ajaratu a bakin ƙofar kicin. Absalom ne tafinta.

"Yalla," in ji wakilin.

Fuseina ta miƙe, 'yarta a baya. Ba ta dubi ƙofar kicin ba. Ta ce takalmin na Baba Mumin ne, amma ƙafar ba tasa ba ce. Ta ce motarsa ba ta taɓa ɗaukar dabba ba, abin da ta ɗauka ragowar ganye ne da za a zubar, ta bar maganar a nan. Ta faɗi gajeren taku, ta faɗi bakin tufar da ya share ƙasa, ta faɗi ramukan nan biyu.

"Wanda ya ɗauke shi ba sayarwa zai yi ba," in ji ta. "A baya aka goya shi da zani, kamar jariri. Da ya yi kuka aka tsaya aka jijjiga shi."

Absalom ya fassara. Wakilin ya ajiye wayarsa, ya tambayi mata nawa ne a izbar. Aka ce biyu. Ya tambayi wacece a cikinsu ta san inda dabbar ke kwana, wacece ke shiga daji kullum. Bai jira amsa ba. Idonsa ya sauka a kan Fuseina, ya sauka a kan zanin da ke ƙirjinta da 'yan ƙafafun da ke lilo a kwiɓinta. Ya ce wani abu a gajarce.

Absalom bai fassara ba. Sai da wakilin ya maimaita.

"Ya ce ki ba da katinki," in ji Absalom. "Ya ce a kira mijinki ya zo ya karɓi yarinyar."

Fuseina ta kai hannu baya ta riƙe ƙafar 'yarta. Sunan yana kan harshenta. Ta kasa.

"Kada wanda ya taɓa ta."

Ajaratu ce. Ta baro ƙofar kicin ta shigo tsakiyar rumfa, tana goge hannu a zaninta.

"Kada a raba ta da ɗiyarta ko na minti ɗaya. Ni ce. Oga, ka gaya masa ni ce."

Ta yi magana a hankali, idonta a ƙasa. Kullum bayan asuba ita ke kai ɓawo rami, ta zura duk takalmin da ta samu a katako, ba ta taɓa duba na wane ne ba. Nan ta fara hango shi, kwance shi kaɗai. Washegari ma haka. Uwar tana can nesa cikin garke tana cin ciyawa, ko waiwaye ba ta yi.

"Na ce wace irin uwa ce wannan? Ta tafi neman abinci ta bar shi a ƙasa, rana na dukansa, ba wanda ya san yana numfashi ko ba ya yi. Na matsa, bai gudu ba. Ya ɗago ido ya dube ni kawai. Da na ɗaga shi, Fusi, nauyinsa... daidai nauyin da Masahudu zai yi yanzu."

Ta kai shi ɗakinta, ta haɗa masa madarar Sakinatu a fida. Ya sha, ya sha sosai. Da rana gudawa ta kama shi. Ta ce gari na wayewa za ta kira Oga, a kore ta in za a kore ta. Gari bai waye masa ba.

"Nawa ban gan shi ba. Ban san wa ya wanke shi ba, ban san da me aka rufe shi ba. Wannan na wanke shi da hannuna. Farin mayafina na salla na sa masa." Ta juya ga benci. "Baba, na zo ƙofarka da abinci in faɗa maka, harshena ya mutu. Ka yafe mini, ko kada ka yafe."

Baba Mumin ya rufe fuska da hularsa.

"Ba yashe shi ta yi ba, Yaya," in ji Fuseina, da ƙyar. "Ɓoye shi ta yi. Tana zuwa safe da yamma. Haka suke yi."

Ajaratu ta ɗago ta dube ta, ta daɗe.

"Tana dawowa?"

"Tana dawowa."

"Ashe ta fi ni," in ji Ajaratu, ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

* * *

Absalom ya daɗe a jikin farar motar yana magana, yana haɗa hannu, har aka bugo wa kafil waya. Abin da ya samo shi ne ba 'yan sanda, ba ɗauri. Amma khalas, magana ta ƙare: a soke takardar Ajaratu, ta hau jirgin farko. A take aka mayar wa Baba Mumin makullinsa da katinsa. Ya karɓa bai duba ba.

Ranar tafiyar gari ya cika da tutoci da ƙahon motoci, an fara wasa. Baba Mumin ya ce shi zai kai ta filin jirgi, ba wanda ya yi masa gardama. Ya ɗora akwatinta a bayan akori-kura ya ɗaure da kansa. Mudasiru ya kawo mata dabino a leda, ya fara wata barkwanci ya kasa ƙarasawa, ya koma bayan motarsa.

Tun ranar rumfa Fuseina ba ta sauke 'yarta daga baya ba, da ita take shiga daji. Ajaratu ta lura. Yanzu suna tsaye a bakin ƙofa, Sakinatu ta hango ta, ta fara zillo tana miƙa hannu.

"Kunun nata kada ya yi kauri," in ji Ajaratu. "Kuma in za ta yi barci ki cire mata safa, ba ta so. Man da nake shafa mata a dasashi yana saman firji."

"To, Yaya."

"Ki nemi mai riƙe ta. Daji ba wurin yaro ba ne. Ki nemi wadda nata suke raye."

Fuseina ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta kwance majanyi, ta zamo da yarinyar gaba, ta miƙa ta da hannu biyu.

"Karɓe ta, Yaya. Ku yi sallama."

Sakinatu ta kama bakin mayafin Ajaratu tana dariya. Ajaratu ta dubi 'yan yatsun nan. A hankali ta zare mayafinta, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta sarƙe su.

"A'a, Fusi. In na ɗauke ta, ba zan iya ajiyewa ba."

Ta shiga mota ta ja ƙofa. Baba Mumin ya tayar.